Tseren Iska A Kan Ruwa: Tsakanin Mai Allo Da Mai Jirgi, Wa Ya Fi Gudu?

A cikin hunturun da ya gabata ne muka yada zango a garin Tasawa a kan hanyarmu ta zuwa Mayahi, inda muka tarar da gardama ta kaure a wata fada ta matasa da ke bakin babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, har shayin da ke kan gawayi ya kusa ƙonewa ba wanda ya kula da shi. Abin da ya jawo gardamar kuwa wani ɗan gajeren bidiyo ne a wayar wani ɗan kabu-kabu, wanda ke nuna wani Bature tsaye a kan wani allo da bai fi ƙyauren ɗaki ba, yana riƙe da wani faffaɗan ƙyalle da aka kafa a jikin allon, iska na jan sa a kan teku, ya zo ya wuce wani ƙaton jirgin ruwa mai filafili fyu, kamar jirgin a tsaye yake.

Matasan sun tsaya kai da fata a kan cewa mai allon nan babu jirgin iskar da zai kamo shi. Wani dattijo, tsohon direban gingimari da ya shekara da shekaru yana ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ya ce sam, shi da idonsa ya sha ganin masu irin wannan allo suna ta lilo a kan ruwa kamar ganyen kaba, ƙananan jirage masu ƙyalle suna wuce su.

Mai wayar ya ce, "Haba Baba, ai ga shi kana gani da idonka."

Dattijon ya ce, "Na gani, yaro. To tambayi wayar taka, wace irin iska ake yi ran nan?"

Aka yi yarjejeniya duk wanda aka kayar shi zai sayi sukari da ganyen shayi na mako guda, mu kuma da yake an ga muna ɗauke da littafi da biro, sai aka ɗora mana alhakin binciko gaskiyar lamarin. Abin da muka samo ke nan muke gabatar wa masu karatu, kuma tun daga farko za mu ce tambayar dattijon nan ita ce gindin maganar gaba ɗaya.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan mutumin Tasawa ko Mayahi da tseren teku, alhali ruwa mafi girma da ke kusa da shi shi ne tafkin Madarumfa, wanda masunta ke ratsawa da gora da matuƙi? To ai ba a rasa nono a ruga. Kakanninmu da suka riƙa tafiya Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, idan sun isa Sawakin a jirage masu filafili suke tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda, kuma tsawon kwanakin da za su yi a ruwa, da ko guzurin ruwan shansu zai kai su, duk a kan iska ya rataya. Haka kuma a kogin Kwara tsakanin Mofti da Tumbutu a ƙasar Mali, masu kwalekwale kan ɗinka buhunan hatsi su kafa a matsayin ƙyalle, iskar hunturu ta tura su suna hawan ruwa. Ita kuwa iska, babu wanda zai koya wa manomin Mayahi halinta.

Da farko bari mu bambance abubuwan biyu. Jirgi mai filafili na gargajiya yana da gangar jiki mai nauyi da ke nutsewa cikin ruwa, yana huɗa ruwan ne yana tafiya kamar yadda garma ke huɗa ƙasa. Yayin da yake tafiya yana tayar da igiyar ruwa a gabansa da bayansa, kuma idan gudunsa ya kai wani matsayi sai ya zama kamar ya faɗa rami tsakanin igiyoyin nan biyu, ya kasa haurawa. Masana sun daɗe da lissafa wannan iyaka, kuma da tsawon jirgin take tafiya: jirgin da tsawonsa a kan ruwa ya kai mita 9, da wuya ya wuce kilomita 13 zuwa 14 a awa, komai ƙarfin iskar da aka ba shi. Wato dai gudun mai keke da bai matsa wa kansa ba.

Shi kuwa allon iska, wanda wasu Amurkawa biyu, Jim Drake da Hoyle Schweitzer, suka samu takardar mallakar fasaharsa a 1970, kuma ya shiga gasar Olamfik a 1984 a birnin Los Angeles, ba shi da nauyin a zo a gani. Mutum ɗaya na iya saɓa shi a kafaɗa. Ba shi da sitiyari, ba shi da wurin zama, jikin mahayin shi ne igiyar da ke riƙe da ƙyallen, shi ne kuma nauyin da ke hana shi kifewa. Sirrinsa shi ne idan ya samu isasshiyar iska sai ya daina huɗa ruwa, ya hau samansa yana sulu, kamar yadda yaro ke jefa tsingaro a tafki ya riƙa tsalle a kan ruwa bai nutse ba. Da zarar ya hau, iyakar nan da ta ɗaure babban jirgi ba ta shafe shi ba.

To a nan ne gaskiyar dattijonmu ta fito. Idan iska ta kwanta, irin ta tsakar ranar bazara da ganyen darbejiya ke motsi da ƙyar, mai ƙaramin allo ba ya iya hawa saman ruwa. Allon gajere ne, bayansa ya nutse saboda nauyin mutum, sai ya riƙa jan ciki kamar kunkuru, yayin da ƙaramin jirgi mai dogon jiki da dogon ƙyalle zai lallaɓa ya wuce shi salin-alin. Shi ya sa za ka ga 'yan tseren allo a irin wannan rana suna ta fizgar ƙyallen gaba da baya kamar mai fifita da mafici, suna ƙirƙirar iska da ƙarfin damtse, aikin da ke gajiyar da ƙato cikin 'yan mintoci. Bugu da ƙari, tseren ba a miƙe kawai ake yin sa ba. Akan kafa alamomi a ruwa ta yadda dole sai an nufi inda iskar ke fitowa, kuma babu abin da ke tafiya da ƙyalle da zai iya fuskantar iska kai tsaye, sai dai a riƙa karkata dama da hagu kamar mai hawan tudu da jaki. A wannan fanni jirgi mai dogon ƙarfe ko katako a ƙarƙashinsa ya fi allon da aka yi don gudu zalla iya matse hanya.

Amma da zarar iska ta kai wajen kilomita 20 a awa, irin wadda ke kaɗa babbar riga ta fara tsinto ledoji daga ƙasa, sai labari ya sha bamban. Mai allo ya hau saman ruwa, gudunsa ya ninka sau biyu ko uku nan take, shi kuwa jirgi mai nauyi yana nan a kan kilomita 13 ɗinsa, ƙarin iskar ba ta ƙara masa komai ba sai karkata gefe guda. Irin wannan rana ce aka ɗauki bidiyon da ke wayar ɗan kabu-kabun nan, ko shakka babu.

Akwai wani lissafi da ya kamata a riƙe a nan, domin shi ne ke bayyana abubuwa da dama har a gidajenmu. Ƙarfin da iska ke danna abu da shi ba daidai da gudunta yake ƙaruwa ba: idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfinta ninkawa huɗu yake yi. Shi ya sa 'yan tseren allo maza a Olamfik ta 2024 suka yi amfani da ƙyalle mai faɗin murabba'in mita 9, mata kuma 8, amma masu neman kafa tarihin gudu a cikin iska mai tsanani kan rage shi zuwa wajen 5 ko 6. Shi ya sa kuma kwanon rufin da ya jure hunturu wata uku, iskar hadari ta minti goma ke yaye shi.

Da muka waiwayi tarihin gudu a kan ruwa, wanda ake aunawa a tazarar mita 500 tun daga 1972, sai muka tarar ashe gardamar fadar Tasawa ta shekara hamsin ana yin ta a tsakanin manyan masana. A shekarar ta 1972 wani Bature ɗan Ingila, Tim Colman, ya yi gudun kusan kilomita 49 a awa da jirginsa Crossbow, zuwa 1980 kuma ya kai shi kusan 67 da Crossbow na biyu. Jirage suka riƙe kambun har 1986, lokacin da wani Bafaranshe, Pascal Maka, ya hau allo a tsibirin Fuerteventura na ƙasar Sifen ya yi kilomita 72 a awa. Abin ya ba masu jirage kunya ƙwarai, ganin mutum ɗaya da ɗan allonsa ya kayar da injiniyoyi da dukiyar da suka zuba.

A 1993 masu jirage suka rama. Wani jirgi mai siffar ban mamaki da ake kira Yellow Pages Endeavour, wanda Simon McKeon ya tuƙa a Sandy Point ta ƙasar Ostireliya, ya yi kilomita 86 a awa, alhali iskar ranar ba ta wuce kilomita 37 ba. Shekara 11 ya yi yana riƙe da kambun, sai a 2004 Finian Maynard ya ƙwace shi da allo a wata mashigar ruwa da aka haƙa musamman don wannan aiki a kudancin Faransa, sannan a watan Maris na 2008 Antoine Albeau ya kai shi kusan kilomita 91. Kafin shekarar ta ƙare wasu sababbin shiga, masu hawa allo wata laima da ke sama tana jan su da igiya, suka karɓe a garin Lüderitz na Namibiya. Jirgin Faransa l'Hydroptère ya ƙwace a 2009 da kilomita 95, masu laima suka sake karɓewa a 2010 da kilomita 103. Daga nan sai ranar 24 ga Nuwamba, 2012, Paul Larsen ɗan Ostireliya ya shiga jirginsa Vestas Sailrocket 2 a Walvis Bay, ita ma a Namibiya, ya yi kilomita 121 a awa. Idan mai karatu na son ya gane wannan gudu, ya ɗauka an tashi daga Maraɗi an isa Tasawa cikin awa guda, ba fetur, ba inji, ba tsayawa a Agye. Shi kuwa Albeau, gwarzon masu allo, ya yi sama da kilomita 98 a 2015, ya ɗan ƙara zuwa 99 a ƙarshen 2024.

A ganinmu abin lura a cikin wannan jerin ba wanda ya zo na ɗaya ba ne, irin iskar da kowa ya buƙata ne. Masu allo a Lüderitz jira suke sai iska ta haukace ta kai kilomita 75 zuwa 90 a awa, irin wadda ke cika ido da baki da rairayi, kafin su kusanci kilomita 100, ma'ana da kaɗan suke wuce iskar da ke tura su. Jirgin Larsen kuwa iskar da ta kai shi kilomita 121 ko rabin hakan ba ta kai ba. Wato mai allo ɗan iska mai ƙarfi ne, jirgin zamani kuma ya iya cin moriyar 'yar kaɗan.

Mun san nan wani zai tsaya ya ce, yaya za a yi abin da iska ke turawa ya fi iskar gudu? Mu ma sai da muka yi ta juya abin. Amsar tana wurin ɗan kabu-kabu da kansa. Ko a ranar da babu iska ko kaɗan, idan ya taka babur sai rigarsa ta cika fam da iskar da gudunsa ya haifar. Haka abin yake ga mai ƙyalle: ba bayansa yake ba iska tana tura shi ba, ratsa ta yake ta gefe, ƙyallen yana aiki kamar fiffiken jirgin sama yana zuƙar sa gaba. Yana ƙara gudu, iskar da yake ji tana ƙara ƙarfi, ita kuma tana ƙara masa gudu, har sai jan da ruwa ke yi masa ya yi daidai da ƙarfin ƙyallen. Don haka duk wanda ya fi rage gogayya da ruwa shi ke da nasara. Mai allo kuwa jikinsa ne iyakarsa, domin ƙarfin da zai iya riƙewa bai wuce nauyinsa da ƙarfin ƙafafunsa ba.

Wannan neman rage gogayya shi ya kawo sabon salon da ya rikita lissafin gaba ɗaya a 'yan shekarun nan, wato sanya wa jirgi ko allo fiffike a ƙarƙashin ruwa, wanda da an fara gudu zai ɗaga gangar jikin sama ta bar ruwa ɗungurungum. Jiragen gasar Kofin Amurka da aka yi a Barcelona a 2024 ana sakin su ne idan iska tana tsakanin kilomita 12 zuwa 39 a awa, amma jirgin Ingila ya taɓa kilomita 103 a gasar. Masu allo su ma sun sa nasu fiffiken, kuma a Olamfik ta 2024 da shi suka yi tsere a tekun Marseille. Sai dai duk da wannan fasaha, iska ta nuna musu ita ce uwar gida: ta yi ta kwanciya ana ɗage tsere, har aka soke tseren dogon zango na mata masu allo ana cikin yin sa, na ƙarshe na wasu jiragen maza kuma sau biyu ana farawa ana tsayarwa a rana ɗaya.

Idan kuma aka koma batun nisa, nan kam babu gardama. Christian Marty, wani matuƙin jirgin sama Bafaranshe, ya tashi daga Dakar a kan allo a watan Disamba na 1981, ya isa Kourou a Kudancin Amurka bayan kwana 37, da jirgin rakiya na biye da shi. A 2017 kuwa Francis Joyon da mutanensa suka kewaye duniya baki ɗaya a jirgi mai filafili cikin kwana 40 da awa 23.

Da muka isa Mayahi muka ba wasu manoma wannan labari a gindin wata gawo, sai muka ga ashe su ta wata fuskar suke kallon sa. Iskar da ke ɗaga mai allo ya hau saman ruwa, kusan ita ce ke fara ɗaga rairayi a gonar da ba ta da itace, domin da ta kai wajen kilomita 25 a awa ƙasar jigawa ke fara tafiya. Hunturu da ke busowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar kwarin Bodele na Chadi, wanda kan tsananta da hantsi ya lafa da la'asar, yakan tarar da gonaki an girbe. Wadda ake tsoro ita ce iskar da ke gaban hadari a farkon damina, ta taso daga gabas kamar jan bango, ta tarar da gero bai fi tsawon yatsa ba, ta yanke shi da rairayi ko ta binne shi. A shekarun 1970 da 1980, lokacin da aka share itatuwa daga gonaki, manoman jihar Maraɗi kan yi shuka sau biyu, sau uku, wani lokaci fiye, kafin ta kama, iri kuma ba a banza ake samun sa ba. Tun daga 1983 ne Tony Rinaudo, wani ɗan Ostireliya da ya zauna a Maraɗi, tare da manoman yankin suka soma dabarar barin kututture ya tofo a gyara shi ya zama itace, abin da aka fi sani da sassabin zamani, wanda aka ƙiyasta ya maido da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar. Lissafin nan na ninki huɗu shi ke aiki a nan ma, a juye: itatuwan da suka rage gudun iska da rabi sun rage ƙarfinta zuwa kashi ɗaya cikin huɗu.

Wani matashi a wurin ya tambaye mu, to me zai hana a kafa wa amalanke irin wannan ƙyalle a huta da ciyar da jaki? Ba tambayar banza ba ce, domin an yi abin da ya yi kama da haka. A 1967 wani janar na Faransa, Jean du Boucher, ya jagoranci ayarin kekuna masu ƙyalle suka ratsa Sahara daga Bashar ta Aljeriya zuwa Nuwakshot ta Muritaniya, tafiyar kusan wata guda. A Disamban 2022 kuma Glenn Ashby ya yi kilomita 222 a awa da irin wannan keke a kan busasshen tafkin gishiri na Gairdner a Ostireliya, da iskar da ba ta wuce kilomita 41 ba sosai. Amma duk waɗannan fili mai tauri suke so, shimfiɗaɗɗe kamar faranti. Ƙasar Mayahi rairayi ce mai cin taya, kwarin Gulbin Kaba kuma cike yake da goruba, gonaki ga gawo ga kalgo ga sabara, kuma babu manomin da muka gani da zai yarda a sare masa ko ɗaya don keken iska ya samu hanya.

A kan hanyarmu ta komawa mun sake tsayawa a fadar ta Tasawa muka karanta musu abin da muka tattara. Matasan suka riƙe 1986 da 2004, suka ce allo ya kayar da jirgi har sau biyu a gaban duniya. Dattijon ya riƙe 2012, ya ƙara da cewa shi dai tambayarsa ta iska ce ba a amsa masa ba sai yau. Har muka shiga mota ba a daidaita a kan wanda zai sayi sukarin ba, na ranar dai mu muka biya.